Kafin ka sa ƙafa a likkafa

Abokina,

Saƙonka ya iso. Sau biyu ƙanwarka ta karanta mini shi, don a karon farko dariya ba ta bar ni na ji ƙarshensa ba. Wai mako 3 ke nan kana zuwa makarantar koyon hawan doki, amma rabin lokacinka a barga yake ƙarewa, daga kwashe kashi sai goge jikin doki, sai ƙwaƙule kofato, sai ɗaura sirdi. Kuma wai malamarku ta tsawata maka da ka zagayo za ka hau ta dama. Shi ne kake tambayata ko hawa ta hagun nan camfi ne na mutanen da, tunda doki bai san hagu da dama ba. Har zuwa nan dariya nake yi. Inda ta tsaya shi ne ƙarshen saƙon, da ka ce ka samo dabara, daga yanzu makara za ka riƙa yi da gangan, ka tarar an riga an ɗaura sirdi, kai dai ka haye.

Wannan dabarar taka na riga ka saninta. Tabonta yana nan a gwiwar hannuna ta hagu, wanda kuke shafawa kuna ƙanana kuna tambayar ko kura ce ta cije ni.

Wanda ya koya mini doki wani tsoho ne, duk yaran barga Baba muke ce masa. Ɗan siriri ne, ƙafafunsa sun gwame saboda zaman sirdi, ba shi da yawan magana, in ma zai yi ta to da dawakin yake yi. Kai mako 3 kake wa ƙorafi. Ni sai da na yi wata 4 ina riƙe da tsintsiya kafin ya yarda na taɓa linzami. Duk ranar da na yi ƙunƙuni sai ya ce, ba tare da ya ɗago kai ba, "Yaro, a ƙasa ake hawan doki." Na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi.

Da sassafe abin da yake fara dubawa in ya shiga barga shi ne kashi. Yakan tsuguna ya ƙare masa kallo, wani lokacin har ya fasa da tsinke, mu kuwa muna bayansa muna toshe hanci muna zunɗe. Yakan ce doki ba ya kai ƙara da baki, da kashinsa yake kaiwa. Daga baya na gane inda ya dosa. Dabbar da ta kai kilo 450 ko fiye, amma tumbinta ƙarami ne, kuma Allah bai ba ta ikon yin amai ba, abin da ya shiga ya shiga ke nan. Shi ya sa ciwon ciki yake kashe doki a dare ɗaya. Mai share barga shi yake fara lura cewa yau kashin ya ragu ko ya bushe, ko an bar ragowar ciyawa, ko bokitin ruwa bai sauka ba alhali doki mai lafiya yakan sha wajen lita 30 a rana, in ana zafi ya wuce haka. In ka ga yana tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayen cikinsa, yana son kwanciya ya yi birgima, to a nemo likitan dabbobi tun da wuri. Wanda yake zuwa ya tarar an ɗaura sirdi, ta ina zai ga wannan?

Amma bari in ba ka labarin tabon.

Ina da shekara 14 a lokacin, na fara iya sassarfa, an bar ni na yi sukuwa sau biyu ko uku, kaina ya kumbura ba ya shiga hula. Akwai wani kili a bargar, wato doki mai farin gashi, dogo mai faɗin ƙirji, da duk yara muke kwaɗayinsa. Rannan Baba ya ce da yamma ni zan motsa shi. Murna ta hana ni zama wuri ɗaya, na tafi na gayyato abokaina su zo su gani, na bar wa wani yaro sabon zuwa aikin gogewa da ɗaura sirdi. Da na dawo na tarar da Kili a turke, sirdi a bayansa, likkafu suna walƙiya. Ko hannu ban sa a ƙarƙashin cikinsa ba. Na kwance shi, na taka turmin hawa na haye, ina kallon abokaina ta gefen ido.

Abin da ban kula da shi ba, kuma Baba ya sha faɗa mana, shi ne doki yakan ƙame jikinsa in ana ɗaure masa majayi, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi ta ƙarƙashin cikinsa. In ya yi 'yan taku ya saki jiki, sai majayin ya yi sako-sako. Shi ya sa ake ɗaurewa kaɗan-kaɗan, a ja shi ya ɗan zaga, a sake ƙarawa, a kuma duba kafin a hau. Yaron nan sau ɗaya ya ja, ya ji ya yi tauri, ya ce ya gama. Ba laifinsa ba ne, kwanansa 5 a wurin.

Zagaye na farko lafiya lau. A na biyu na sa masa diddige ya buɗe ƙafa. Muna isa kwanar fili na kwanta gefe kamar yadda na ga manya suna yi, sai na ji duniya ta karkace. Sirdin ya sulale da ni zuwa haƙarƙarinsa, sannan ya koma ƙarƙashin cikinsa. Ƙafata ta hagu ta zurma cikin likkafa har idon sawu, ta ƙi fita. Har yau in na rufe ido ina ganin abin: cikin doki fari fat a samana, kofatai suna wucewa kusa da kunnena, ɗayar likkafar tana dukan ƙafarsa ƙwal-ƙwal, kowane duka yana ƙara firgita shi. Ƙasa ta cika mini baki, ko salati na kasa yi. Abokaina kuwa suka ɗauki ihu suna bin mu da gudu, wanda shi ne mafi munin abin da za ka yi wa dokin da ya tsorata.

Baba bai yi gudu ba. An ce tsawa ɗaya ya daka wa yaran suka ƙame, sannan ya tsaya a tsakiyar fili, hannuwansa a ƙasa, ya yi wannan 'yar fiton da yake yi kullum in ya kawo musu hatsi. Na ji ta ina ƙasa, a hankali, kamar babu abin da ya faru. Kili ya rage gudu, ya yi wani tsalle guda, ya juyo ya tsaya a gabansa yana huci, jikinsa na ɓari. Shekara nawa tsohon nan ya yi yana wannan fito safe da yamma, ban sani ba, amma rannan aka biya shi ladanta, ni kuma na ci albarkacinta.

Ya zare ƙafata, ya matsa ƙasusuwana ya ga babu karaya, sai ya juya mini baya. Ya kwance sirdin, ya bi ƙafafun dokin ɗaya bayan ɗaya da tafin hannunsa, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Ni ina zaune jini na zuba daga gwiwar hannuna, ina jiran duka ko rarrashi, ban samu ko ɗaya ba. Da ya gama sai ya nuna mini inda majayi ya saɓule wa Kili fata a bayan ƙafar gaba, ya ce, "Naka ciwon kai ka saya. Shi nasa wa ya saya masa?" Kwana 40 ban hau ba. Ni na riƙa wanke wannan ciwon safe da yamma har gashi ya tsiro, kuma sai da na yi mako guda kafin ya daina kwantar da kunnuwa in ya gan ni. A cikin kwanakin nan na koyi jin zafin ƙafa da hannu, na koyi cewa ba a ɓullo wa doki ta baya shiru, don idanunsa a gefe suke, yana ganin kusan ko'ina amma ban da daidai bayansa da daidai gaban goshinsa. Na koyi ɗaga kofato in cire tsakuwa ba tare da ya ƙwace ba.

Ku yaran yanzu komai kuna so ya zo muku a shirye. Na ga hoton da ka turo wa uwarka, kana kan doki, hannu ɗaya da waya, linzami ya zube a wuyansa. Ana ga doki kana ga ƙura. Amma kada in zalunce ku, akwai abin da kuka fi mu. Hular kwanon nan da ake tilasta muku, da takalmi mai dunduniya da ke hana ƙafa zurmawa cikin likkafa, da ina da su rannan da labarin bai kai tsawon haka ba. Kada ka cire hular don hoto.

Kwanakin baya na ga wata tsohuwar makarantar dawaki ta birnin Biyana a ƙasar Ostiriya a talabijin, wadda ta haura shekara 400, mai fararen dawakan nan da ake haifa baƙaƙe su yi fari da girma. Sai a 2008 ma suka fara ɗaukar mata. A can ma ɗalibi daga barga yake farawa, in an ɗora shi kuma sai a riƙe dokin da doguwar igiya yana zagayawa, shi yana zaune babu likkafa babu linzami a hannunsa, har zamansa ya daidaita. Na ce ashe Baba yana da 'yan uwa a Turai.

Af, batun hagu. Abin da na ji daga manya shi ne takobi. Yawancin mutane da dama suke zarewa, don haka a kwankwason hagu yake rataye, in ka zo hawa ta dama sai ya shiga tsakaninka da doki ya harɗe ka. Takubba sun tafi, sabo ya zauna, har kayan dokin ma galibi ta hagu ake ɗaure su. Shi kuma doki, da ka ce bai san hagu da dama ba, ya fi ka sani, don abin da ya saba gani ta wannan ido ba lallai ya yarda da shi ta wancan ba. Baba kansa yakan saba wa nasa da hawa ta kowane gefe, wai wata rana za ka tsinci kanka a gangare ko jikin bango. To amma shi ya raine su tun suna duƙushi. Dokin makaranta ba naka ba ne, ba ka san wa ya hore shi ba, sai ka bi abin da malamarka ta ce, in kun saba ka tambaye ta.

Ranar da za ka koma, je da wuri ka jera igiyoyin likkafun sirdinka biyu ka gwada tsawonsu. Ina zaton za ka tarar ta hagu ta ɗan fi tsawo saboda nauyin masu hawa, a wurinmu musanya su ake yi lokaci-lokaci. Ka rubuto mini abin da ka gani. Kuma duk tsawon saƙon nan naka ba ka faɗa mini launin dokin ba, balle ko ingarma ne ko goɗiya.

Ka gaida uwarka.

Kakanka