Amsa kan Stavanger Oilers: shin kuɗin mai ne kaɗai ya ɗaukaka ta?

Assalamu alaikum. Malam, ka tambayi yadda aka yi Stavanger Oilers, ƙungiyar da ba a kafa ta ba sai a shekarar 2000, ta ci kofin ƙasar Norway na wasan ƙwallon gora na kan ƙanƙara har sau tara tsakanin 2010 da 2023, ka kuma ce kana zaton kuɗin man fetur ne kawai, tunda sunanta ma daga mai aka samo shi. Na yi shekara biyar a Stavanger, daga 2011 zuwa 2016, ina aiki a wani kamfani mai yi wa masu haƙar mai hidima, kuma zamana ya zo daidai da ganiyar ƙungiyar, don haka zan faɗi abin da na gani da wanda na sani.

Zatonka yana da tushe, domin Stavanger ce cibiyar harkar mai ta ƙasar. Da can garin kamun kifi ne da masana'antun kifin gwangwani, har aka gano rijiyar Ekofisk a cikin teku a 1969, aka kafa kamfanin mai na gwamnati, Statoil, wanda yanzu ake kira Equinor, a 1972, aka ajiye hedkwatarsa a can. Garin da ke da irin waɗannan kamfanoni ba zai rasa masu ɗaukar nauyin ƙungiyar wasa ba. Amma abin da ba kowa ya sani ba shi ne, Stavanger ba garin wannan wasa ba ne. Tana bakin teku a kudu maso yamma, inda ruwan sama da iska suka fi dusar ƙanƙara yawa, kuma ƙwallon ƙafa ce ke da jama'a saboda ƙungiyar Viking. Gidan wasan na asali yana gabas, wato Oslo da Fredrikstad da Sarpsborg da Hamar da Lillehammer, kuma kafin 2010 babu wata ƙungiya daga wajen wannan yanki da ta taɓa ɗaukar kofin ƙasa.

Wanda ya kafa Oilers ma ba ɗan ƙasa ba ne. Wani ɗan kasuwa ne daga Finland, Hartti Kristola, kuma 'yan wasan farko da yawa daga cikinsu 'yan ƙasarsa ne, ƙasar da wannan wasa ya zama mata jini da tsoka. Sun fara daga ƙaramin rukuni, suka haye mataki biyu a shekara biyu, zuwa 2003 sun shiga babban rukuni. A nan kam kuɗi ne ya yi aiki, ba na musu. Sai dai irin wannan tashi na farat ɗaya shi ne yakan kashe ƙungiyoyi, domin ranar da mai zuba kuɗin ya janye, ranar ake rufe ƙofa. Kristola ya janye bayan 'yan shekaru kaɗan, sai wani ɗan kasuwar garin, Tore Christiansen, ya karɓi ragama a 2004, kuma a ganina daga nan ne tarihin ƙungiyar na gaskiya ya soma, saboda shi bai saya don ya ci kofi ɗaya ya tafi ba. Sun kai wasan ƙarshe a 2006, Vålerenga ta Oslo ta doke su. Sai da suka sake jiran shekara huɗu kafin su rama a kan Vålerenga ɗin a 2010, a ƙarƙashin mai horarwa Petter Thoresen, wanda ya zo a 2009 bayan ya buga wa ƙasarsa gasar Olamfik sau biyar a zamanin ƙuruciyarsa. Ƙungiyar Sparta ta Sarpsborg ta ƙwace kofin a 2011, daga nan Oilers ta riƙe shi shekara shida a jere, daga 2012 zuwa 2017.

Wasan da na fara kallo a tsohon zaurensu ne, Siddishallen, inda wani abokin aikina ya ja ni wani dare a watan Nuwamba. Na shiga ban san komai ba, na kuma yi minti goma ban ga abin da ake bugawa ba, domin ɗan faifan baƙar roba ne da bai kai tafin hannu ba, yana gudu fiye da yadda ido ya saba. Abin da ya fara kama ni shi ne ƙara: kukan ƙarfen takalma yana kankare ƙanƙara idan ɗan wasa ya tsaya kwatsam, da ƙarar allon gefe idan an maka mutum a jikinsa har gilashin ya girgiza a gaban fuskarka. Mutum shida ne kowane ɓangare har da mai tsaron raga, ana yin zango uku na minti ashirin-ashirin, kuma ana canjin 'yan wasa ba tare da an tsayar da wasa ba, sai ka ga uku sun tsallake allo sun shiga, uku sun fito suna haki, alhali ba su yi ko minti ɗaya a ciki ba. Wannan ne ya sa ƙungiya ba ta cin kofi da taurari biyu ko uku. Dole ta kasance tana da mutum kusan ashirin da za a iya dogara da su, kuma irin wannan zurfin ne Oilers ta fi sauran a lokacin.

A kakar 2012 suka koma sabon zaurensu, DNB Arena, mai ɗaukar mutum fiye da dubu huɗu. Bambancin a bayyane yake. Akwai wurin cin abinci, akwai ɗakunan da kamfanoni ke kamawa don baƙinsu, kuma iyalai sukan zo da yara sanye da rigunan ƙungiyar masu launin baƙi da ruwan zinariya. Ƙungiyar da ke da irin wannan zaure tana samun kuɗi duk ranar wasa daga wurare da dama, ba ta jiran aljihun mutum ɗaya. Hujjata mafi ƙarfi ta cewa ba kuɗin mai ne kaɗai ba ita ce abin da ya faru bayan farashin mai ya faɗi a ƙarshen 2014. Na ga yadda aka riƙa sallamar ma'aikata a garin, wasu daga cikin waɗanda muke zama layi ɗaya da su a zauren sun rasa aiki, amma Oilers ta ci kofin a 2015, bayan ta kai ruwa rana da Storhamar ta Hamar har wasa na bakwai, ta sake ci a 2016 da 2017. Da a ce mai ne kaɗai ke riƙe da ita, da a waɗannan shekaru ta durƙushe.

Kada dai a kambama abin fiye da kima. Rukunin Norway ƙarami ne, ƙungiyoyi goma ne, kuma bai kama ƙafar na Sweden ko na Finland ba. Babban abin da Oilers ta yi a waje shi ne cin kofin Continental a birnin Rouen na Faransa a Janairun 2014, gasar da ke ƙasa da ta manyan zakarun Turai. A cikin gida ma har yanzu Vålerenga ce ke riƙe da tarihi da kofi 26, ko da yake rabonta da shi tun 2009. Bayan 2017 Storhamar da Frisk Asker sun karɓa, annobar korona ta hana a fitar da zakara a 2020 da 2021, sannan Oilers ta dawo ta ci a 2022 da 2023. Shi kuwa Petter Thoresen, da ya bar Stavanger a 2016 ya horar da ƙungiyar ƙasa, daga baya ya koma Storhamar, kuma da ita ya ɗauki kofin a 2024 da 2025.