Amsa ga mai son zana bakin teku da fastel bai taɓa ganin teku ba

Wa alaikumus salam ƙanena. Tun jiya na ga tambayarka, sai yau na samu zama. Ka ce ka sayo kwalin allin fastel a Kano, kana kwaikwayon hoton bakin teku daga waya, amma ruwan sai ya fito kamar bangon da aka shafe da shuɗin fenti, launukan kuma su cakuɗe su koma laka. Har kana cewa ko don kai ɗan ƙauyen Gumel ne, ba ka taɓa ganin teku ba. Wannan maganar ta ƙarshe ce ta hana ni wucewa.

Ni ma sai da bautar ƙasa ta kai ni Badagry na ga teku da idona. Abin da ya fara ba ni mamaki, ashe ruwan ba shuɗi ba ne. Da sassafe ruwan toka ne mai ɗan tsanwa-tsanwa, inda igiyar ruwa ke karyewa kuma ta kwaso yashi, sai ka gan shi kamar koko. Yawancin launin da kake gani a kan ruwa aro ne daga sama. Don haka fara da sama, sannan allunan da ka yi saman da su, da su za ka sauko cikin ruwan, ka ɗan ƙara musu duhu kaɗan. Shuɗin nan mai ƙarfi na cikin kwali ka ajiye shi gefe tukuna.

Yanzu a wani ƙauye kusa da Rano nake koyarwa, kuma dam ɗin Tiga ne tekun ɗalibaina. Tun 1974 aka gama shi, yana da faɗin da idan hazo ya sauka ba ka ganin ɗaya gaɓar, ruwa da sama su haɗe. A nan yaro ke gane wa idonsa cewa abin da ke nesa kodewa yake yi, kwale-kwalen masunci da ke can ƙurya bugun alli ɗaya ya ishe shi. Ku fadamar Hadejia ta fi muku kusa, musamman bayan damina. Kai ko kududdufin bayan gari, ka zauna bakinsa da la'asar ka ga yadda inuwar giginya ke karyewa idan iska ta taɓa ruwan. Manyan igiyoyi da jiƙaƙƙen yashi ne kaɗai ba za ka samu ba, su kuma bidiyo ya fi hoto, ka riƙa tsayar da shi kana kallo.

Batun laka, takarda ce da yatsa. Takarda mai santsi shafa biyu take ɗauka ta ƙoshi, duk abin da ka ƙara zamewa zai yi. Nemi mai kaushi, irin takardar zane ta kamfanin Canson idan ka samu. Idan ba hali, je wurin masu kayan kafinta ka sayi sanfefa mai laushi, lamba 600, tana riƙe launi sosai, sai dai tana cin alli, kuma kada ka murza da yatsa a kanta. Ka fara da launuka masu duhu, masu haske su hau kansu. Kwantar da allin ka ja da gefensa, hannu sakayau. Sama kaɗai nake murzawa, ruwa kuwa barinsa nake da zanensa, shi ke ba shi ƙyalli.

Kumfa ita ce ta ƙarshe. Gindinta toka-toka ne mai ɗan shuɗi, farin a kan tozon igiya kawai, ka danna sau ɗaya ka ɗauke hannu. Layin da ya raba ruwa da sama kuma ka sa rula, in ya karkace ko kaɗan ido zai gani. Kada ka cika kaya. Degas, mai zanen nan na Faransa, ya yi ƙananan zanukan gaɓar tekun Normandi, a arewacin Faransa, da fastel a 1869, da yawansu sama ne da ruwa da yashi, shi ke nan.

Kada ka hura ƙurar da baki, akwai launukan da ba a son su shiga ƙirji. Ɗaga takardar ka ƙwanƙwasa bayanta. Feshin riƙe launi kuma ka yi hattara da shi. Na taɓa fesa na gashi a kan zanen wani kwale-kwale da na kwana uku ina yi, nan take hasken ruwan ya mutu, daga baya takardar ta yi ɗorawa-ɗorawa. Har yau yana yi mini ciwo. Yanzu farar takarda mai santsi nake rufawa a kai in ajiye a kwance, in za a sa firam kuma a sa kwali tsakani don kada gilashi ya taɓa zanen.

Duk wannan a kan fastel mai gari nake magana. Duba kwalinka, in mai maiƙo ne ka faɗa mini, don shi hannunsa daban ne. Ka turo hoton wanda ka yi mu gani.