Amsar Kawu Kan Biyayya da Mulkin 'Yan Fasist

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan karatu yana tafiya daidai, saƙonka ya iso. Ka tambaye ni ko al'adar biyayya ga na gaba, wadda aka san Jamusawa da ita, mu ma muka tashi a cikinta, ita ce ta sa jama'a suka miƙa wuya ga Hitler da Musolini.

A ganina ka ɗora wa al'ada laifin da ba nata ba ne. A zaɓen Jamus na 1928 jam'iyyar Nazi ta Hitler ta samu kashi 2.6 cikin ɗari na ƙuri'u ne kawai, amma a watan Yulin 1932 ta haura kashi 37. Tarbiyyar al'umma ba ta sauyawa cikin shekara huɗu. Abin da ya sauya shi ne abin sawa a tukunya. Da kasuwar hannun jari ta New York ta durƙushe a 1929, bankunan Amurka suka janye kuɗin da suka ranta wa Jamus, masana'antu suka rufe, har aka wayi gari a farkon 1932 mutum kimanin miliyan 6 ba su da aikin yi. Kuma waɗannan mutane ba su manta da 1923 ba, shekarar da dala ɗaya ta kai mak (kuɗin Jamus na lokacin) tiriliyan 4.2, ana biyan ma'aikaci sau biyu a yini, matarsa tana tsaye a ƙofar ma'aikata domin ta karɓi kuɗin ta ruga kanti kafin farashin burodi ya sake tashi. Dattijon da ya shekara talatin yana tari ya ga duk abin da ya ajiye bai isa cefanen kwana ɗaya ba.

Yunwa kaɗai ba ta isa ba, sai da ta haɗu da zubewar mutunci. Yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta ƙwace wa Jamus yankuna, ta ɗora mata diyyar yaƙin duniya na ɗaya, kuma magidancin da ya kasa ciyar da iyalinsa yana jin wannan ƙasƙanci a jikinsa. Ka duba saurayin da ya shekara biyu yana zaman kashe wando: dakarun jam'iyyar suka ba shi miya mai zafi, da wurin kwana, da riga ruwan ƙasa, aka jera shi cikin sahu ana buga ganga, sannan aka gaya masa cewa laifin ba nasa ba ne, na Yahudawa ne da 'yan gurguzu. Yahudawan nan ko kashi ɗaya cikin ɗari na mutanen ƙasar ba su kai ba, amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Akwai kuma lissafin manya, wanda ɗalibai kan tsallake. A Italiya masu gonaki da masu masana'antu, da suka tsorata da yajin aikin 1919 da 1920, su ne suka ciyar da 'yan baƙar riga, wato dakarun Musolini, masu dukan abokan hamayya suna ɗura musu man zurma. Sarki Victor Emmanuel na uku ne ya naɗa Musolini firaminista a Oktoban 1922, kamar yadda Shugaban Jamus Hindenburg ya naɗa Hitler shugaban gwamnati a ranar 30 ga Janairun 1933, masu ba Hindenburg shawara suna zaton za su juya Hitler.

Al'ada dai aronta aka yi aka yafa. Sunan fasist kansa, wanda jam'iyyar Musolini ke amsawa, daga damin sanduna da gatari na tsoffin Romawa ya fito. Biyayyar da muka gada kuwa tana tafe da sharaɗi, domin sarki yana da majalisa, malami yana iya yi masa nasiha a fada, kuma addini ya hana bin abin halitta cikin saɓon Mahalicci. Hitler ya karɓi ikon yin doka ba tare da majalisa ba a watan Maris na 1933, zuwa Yuli babu sauran jam'iyyar da aka yarda da ita sai tasa.

Ka gaishe mini da abokan karatunka. Mahaifiyarka tana cigiyar ranar zuwanka hutu.