Hazon hunturu ne ke sa mu tari, ko akwai wani abu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne a Kura, jihar Kano. Kowace shekara da an shiga Disamba, mahaifiyata da ƙaramin ɗana sai su kama tari, wani lokaci har numfashin yaron ya riƙa fito da dare. Ba sa samun sauƙi sosai sai ruwa ya sauka. Mutane na cewa sanyi ne. Shin sanyin ne, ko hazo? Kuma me talaka zai iya yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah Ya ba Hajiya da yaron lafiya. Sanyi na da nasa kason, amma ƙarami ne. Abin da ya fi damun ƙirjinsu shi ne abin da iskar ke ɗauke da shi, kuma gida biyu ne: akwai wanda ya zo mana daga nesa, akwai wanda mu muka haɗa da hannunmu.

Na nesan shi ne hazo. Yawancinsa daga arewacin Chadi yake tasowa, daga wani kwari da ake kira Bodele, kudu maso yammacin garin Faya. Wurin tsohon gindin tafki ne, tun zamanin da Tafkin Chadi ke da girman da ya ninka na yau nesa ba kusa ba. Da ruwan ya janye sai ya bar farar ƙasa mai laushi kamar garin alli, ragowar ƙananan halittun ruwa. Iskar arewa maso gabas kan matso ta tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, ta fito da ƙarfi kamar ruwan da aka matse wa bakin tiyo, ta kwashi wannan gari ta yi sama da shi. Tafiyar ta fi kilomita 1,000, amma cikin kwana ɗaya zuwa biyu sai ka gan shi a kan tabarmarka. Shi ya sa ƙurar hunturu fara ce, ba ja ba irin ta hanyar gonarku. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar da ke kawo ruwa daga teku ta koma kudu, babu abin da zai wanke sama. Kuma a matsayinka na manomi ka san lokacin ba sharri ba ne zalla: sanyinsa alkamar Kadawa ke so, ƙurar kuma kan sauke wa gona ɗan sinadari.

Wannan ba mai iya tare shi. Na biyun ne nake so mu zauna a kai, domin shi ne mutane ba sa lissafawa. Lokacin da hazo ke sauka shi ne lokacin da ake ƙona tattakar shinkafa da karan gona don a shirya noman rani, ana cinna wa daji wuta wajen farautar gafiya, ana sussuka da shiƙa, injinan casa na aman ɓuntu, masu turara shinkafa na hura wuta tun asuba, ga bola da leda ana ƙonawa a bayan gida. Da rana iska mai zafi kan tashi da hayaƙi sama ya watse. Da daddare zuwa safiya kuwa ƙasa ta yi sanyi, iskar da ke kusa da ita ta yi nauyi, wadda ke samanta ta fi ta ɗumi, sai ta zama kamar murfin tukunya. Ka taɓa lura da yadda hayaƙi ke kwanciya a kan gari bayan sallar asuba, ya yi shimfiɗa bai tashi ba? To shi ke nan. A daidai wannan lokaci yara ke fita makaranta.

Dalilin da hayaƙi ya fi ba ni tsoro shi ne ƙanƙantar ƙwayoyinsa. Ƙura mai kauri, gashin hanci da majina kan tare da yawa daga cikinta. Amma akwai ƙwayoyin da ake kira PM2.5, waɗanda silin gashin kai ya fi su kauri kusan sau 30. Su kan wuce har can cikin huhu, kuma hayaƙin itace da na kara cike yake da su. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya ce kada su wuce maikirogiram 15 a kowace mita kubik ta iska a matsakaicin awa 24. Ranar da hazo ya rufe har ba ka hango ƙarshen gonarka, an wuce wannan ninkin ba ninki, balle a haɗa da ɗakin girkin da babu taga. Sannan iskar ta bushe ƙayau, ta busar da danshin hanci da maƙogwaro wanda shi ne garkuwar farko. Daga nan haɓo ke zuwa, da kaushin murya, da murar da ba ta jin magani.

Game da yaron, numfashin da ke fito da dare yana dawowa duk shekara alama ce da ta isa a kai shi asibiti a duba ko asma ce. Kada a tsaya ga maganin tari na kemis. Idan likita ya ba da abin shaƙa, a karɓa hannu biyu. Zancen cewa wanda ya fara shi ba ya dainawa ya cutar da yara da yawa, kuma raina na ɓaci duk lokacin da na ji shi. In ka ga yana numfashi da sauri, ko ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa in ya ja iska, ko ya kasa shan ruwa, wannan ba abin jiran gari ya waye ba ne. Ita kuma Hajiya, tarin da ya wuce mako biyu a yi mata gwajin tibi, kyauta ne a asibitocin gwamnati. In ta shafe shekaru tana girki da itace, a gaya wa likitan, domin hakan na taɓa huhu kamar yadda taba ke yi.

A gida kuwa, a fitar da murhu fili, kuma kada a goya yaro a bakin wuta. A yayyafa ruwa kafin shara. A goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma maimakon kaɗe shi. Ranar hazo mai kauri su rage fita da sassafe, in za su fita su sa takunkumi. Irin takunkumin da ake kira N95 ya fi tarewa, rawani ko gyale na rage mai kaurin kawai. Tattakar shinkafa gara a ba dabbobi ko a tara ta ta ruɓe ta zama taki. In ƙonawar ta zama dole, a yi ta da tsakar rana, ba da magariba ba, kuma a duba inda iska ta dosa. Wannan maganar ta fi ƙarfin gida ɗaya, ka kai ta gaban mai unguwa da ƙungiyarku ta manoma. Abu ɗaya da ba na sassautawa a kai: kada a shiga da garwashi ɗaki a rufe ƙofa a kwanta. Yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, mutum na barci take ɗauke shi.

Kada kuma ka saki jiki don sanyi ya wuce. Ƙarshen hunturu zuwa bazara shi ne lokacin sanƙarau. Mutane na cewa zafi ne ke kawo shi, alhali ƙwayar cuta ce da ke samun hanya ta busasshen maƙogwaro, ta yaɗu a ɗakin da aka cunkushe. A 1996 ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 11,000, kuma Kano na cikin inda ta fi ɓarna. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabon rigakafin da ke kare nau'i biyar na ƙwayar. Ka ɗauki katin rigakafin yaron ka je asibitin sha-ka-tafi mafi kusa da ku su duba abin da ya rage masa. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sandarewar wuya, ko ga babba ko ga yaro, a tafi asibiti a ranar.