In yaro ne a kan layi, fara da inda yake

Toh Kofur, jiya a ɗakin rediyonmu na 'yan sanda ka tambaye ni wai in yaro ya kira 112, lambar kiran gaggawa, aka haɗo ka da shi yana kuka ana dukan mamansa, me za ka fara ce masa, aiki bai bar ni na amsa ba, ga shi yanzu.

Kar ka fara da "me ya faru". Yaro zai ɗauko maka labari tun daga safe, kafin ya kai ƙarshe an ƙwace wayar ko caji ya ƙare, kai kuma ba ka san inda za ka tura mota ba. Sauke murya, faɗi sunanka, ka ce "ka kyauta da ka kira, a ina kuke?" Kuma ka san garin nan Kaduna, lambar gida ba ta kai ka ko'ina a lungunan Rigasa ko Hayin Banki, tambaye shi masallacin da suke sallah, islamiyyarsu, mai shayin bakin layi, transfoma. Sunan uba kuwa yaranmu da yawa kunya ba ta barinsu su faɗa, sai ka ce "gidan wa ake ce wa gidanku?"

Akwai wata yarinya da na taɓa ɗaukar kiranta, ba ta wuce shekara 8 ba, raɗa take yi ina jin kwanuka na zubewa a bayanta. Na ce in Baba na kusa ki ce eh kawai. Da eh da a'a muka gama, akwai wuƙa, Mama na motsi, ƙaninta na ɗaki. Na ce ta ja shi su shige maƙwabta kar su bi ta kicin, kuma ban ajiye layin ba sai da na ji muryar matar gidan. Wallahi har yau ina jin numfashin yarinyar nan.

Kar ka taɓa ce wa yaro ya je ya raba faɗan, garin rabo ake ji musu ciwo. Kar ka zagi uban, ubansa ne kuma yana sonsa. In ya ce "za ku kama Baba?" kar ka yi masa ƙarya, ka ce muna zuwa ne kowa ya zauna lafiya, kai ba ka da laifi.

In kai aka tura gidan, durƙusa daidai tsayinsa, ka ja shi gefe, banda tambayarsa a gaban uban don gobe gida ɗaya za su kwana. Za a tare ka da "maganar cikin gida ce yallaɓai", toh Jihar Kaduna tana da dokar hana cin zarafi tun 2018, dukan mata laifi ne. Ka rubuta komai ka miƙa wa jami'ar da ke kula da ƙarar mata da yara a ofishinku, in kuma akwai alamar fyaɗe, cibiyar Salama mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe tana asibitin Gwamna Awan a Kakuri, a kai su ranar kar a bari sai gobe.