Sunanka da harufan Japan: zaɓi rubutu ɗaya ka tsaya a kansa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wani kamfani a Saitama, ƙasar Japan. Sunana Muhammad, amma banki sun rubuta shi モハメド, wurin aiki kuma sun rubuta ムハンマド. Ƙarshen wata albashina ya ƙi shiga. Wanne ne daidai?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya sa albarka a nema. Duk biyun ana amfani da su, na farko ana karanta shi Mohamedo, na biyu Muhanmado, kuma babu dokar da ta fifita ɗaya. Sunanka na hukuma shi ne wanda ke kan fasfonka da harufan boko, shi aka kwafa a katin zama, wato zairyu kado, da ake bai wa baƙi tun Yulin 2012. Rubutun katakana, wato harufan Japan da aka rubuta sunanka da su, jagoran furuci ne kawai. Sai dai da shi bankunan Japan suke tura kuɗi a tsakaninsu, kuma kwamfuta ba ta san cewa Mohamedo da Muhanmado mutum ɗaya ne ba. Harafi ɗaya ya saɓa, kuɗi su koma inda suka fito.

Gobe ka ɗauki littafin ajiyarka na banki, ka buɗe shafin farko inda aka buga sunanka da katakana, ka kai wa akantan kamfani ya kwafa daidai yadda yake, har da jerin sunayen da tazarar da ke tsakaninsu. Gyara a wurin aiki ya fi gyara a banki sauƙi. Daga nan ka je ofishin ƙaramar hukumarku ka nemi a sa wannan rubutun a takardar shaidar mazauni, juminhyo. Ana yi wa baƙi haka, musamman masu son yin rajistar hatimi, wanda ake bugawa a madadin sa hannu, da katakana. Takardun inshorar lafiya, layin waya, takardar hayar gida, duk ka bi su ka daidaita.

Na san abin da ke ranka: sunan Manzon Allah (SAW) ne, ba ka so a lanƙwasa shi. Ina tare da kai, kuma da tun ranar farko ka tambaye ni, ムハンマド zan zaɓa maka domin ya fi kusa da asali. In ranka bai kwanta da na bankin ba, kana iya zuwa da fasfo da katin zama ka nemi su canza, amma ka bari albashi ya shiga tukuna.

Dalilin lanƙwasar shi ne kusan kowane harafin katakana ko dai wasali ne ko baƙi haɗe da wasali, in ban da "n" da ke iya tsayawa shi kaɗai. Shi ya sa Ibrahim yake zama Iburahimu. Ba su da "l", sai Bilkisu ta koma Birukisu. "Si" kuma "shi" ne a bakinsu, Nasiru ya zama Nashiru. Mu Hausawa ma mun yi sa'a, tunda iyayenmu sun riga sun sa wa sunayen Larabci wasali a ƙarshe. Musa, Amina, Zainabu, duk suna shiga ba tangarɗa. Haruna kuwa sunan mata ne sananne a Japan, don haka mai wannan suna kada ya yi mamaki in an kira shi a asibiti ana duba ɓangaren mata.

Ka koyi rubuta naka da hannunka, ka lura da シ da ツ, da kuma ン da ソ, sun yi kama ƙwarai.

In za ka aika kuɗi gida, sunan mai karɓa da harufan boko za ka rubuta, yadda yake a bankinsa. Ranar da za ka tattara ka koma kuma, kana da shekara 2 ka nemi a mayar maka da wani kaso na kuɗin fanshon da aka riƙa cire maka, kuma suna mai saɓani yakan jawo jinkiri a lokacin da kake nesa da ofishin.

In iyalinka suna tare da kai, Allah ya kawo ƙaruwa, ana rajistar haihuwa cikin kwana 14, saboda haka ka yi suna ranar bakwai hankali kwance. Amma kafin ka tafi ofis, ku zauna da maiɗakinka ku tsayar da katakanan jaririn, kuma sunan uba ya zo daidai da yadda yake a takardunka.