Yadda ake nuna hadari da hazo a zanen teku na ecin

Malam ka tambaya wai ya ake yi zanen teku na ecin, wato zanen da ake karcewa a faranti a shafa masa tawada a buga a takarda, baƙi da fari kawai, amma mutum ya ji kamar ruwa zai sauko. To ai sirrin yana wurin asid ne da goge tawada. Farantin tagulla ake shafe shi da kakin da asid baya ci, a karce zanen da allura, a tsoma a asid, duk layin da ya daɗe a ciki sai yayi zurfi ya riƙe tawada sosai ya fito baƙi ƙirin, shi ake bawa igiyar ruwa ta gaba, na nesa kuwa da wuri ake rufe su kada asid ya ci gaba da cin su, su fito siriri kamar za su ɓace.

Gajimare da hazo kuma akwatint ake musu, garin ƙaro ake barbaɗawa a gasa ya manne, asid ya ci tsakanin ƙwayoyin, sai ka samu toka-toka mai laushi ba layi ko ɗaya. Ka tuna yadda ruwan lagun na Legas yake daga kan gadar Third Mainland lokacin hunturu, kwale-kwalen unguwar Makoko kamar suna yawo a iska? To irin wannan.

Ni dai abin da yafi burge ni gogewar. Whistler, mai zane ɗan Amurka, da yaje birnin Venis na Italiya a 1879 da gangan yake barin ɗan dusashin tawada akan farantin, faranti ɗaya amma wannan bugun asuba wancan magariba. Gwada ka bar tawadar da yawa ta sama, ka goge tsakiyar ruwan da tafin hannu, zaka ga hadarin Yuni ya haɗo.